Pombal: Wazirin da ya tayar da birnin Lisbon daga kufai

A ranar Asabar 1 ga watan Nuwamban 1755, lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake jariri bai cika shekara guda a duniya ba, girgizar ƙasa ta rushe Lisbon, babban birnin ƙasar Fotugal. Teku ta biyo bayan girgizar, wuta kuma ta biyo bayan teku. Kafin mako ya zagayo, tsakiyar birnin da ake lissafawa cikin mafiya arziki a Turai ta koma toka da ɓaraguzai.

Mutumin da ya ɗauki nauyin binne matattu da ciyar da waɗanda suka tsira da kwashe ɓaraguzai da sake gina birnin shi ne Sebastiao Jose de Carvalho e Melo, wanda tarihi ya fi sani da sarautar da aka ba shi daga baya, wato Markis na Pombal. Masu nazarin bala'o'i da dama suna ɗaukar aikinsa a matsayin karo na farko da wata gwamnati a Turai ta rungumi agajin gaggawa da sake gini baki ɗaya a matsayin haƙƙin da ke wuyanta. Shi ne kuma mutumin da ya shafe sama da shekara 20 yana mulki da hannun ƙarfe, ya cika gidajen yari da abokan hamayya.

Asali da tasowa

An haife shi a Lisbon ranar 13 ga watan Mayun 1699. Mahaifinsa, Manuel de Carvalho e Ataide, hafsan sojan doki ne daga cikin ƙananan masu sarauta, masu gonaki a yankin Leiria. Gidan yana da mutunci, amma bai kai a zauna da shi a sahun manyan gidajen da suka gaji muƙaman fada ba. Wannan tazara ta bi shi har tsufansa, domin manyan ba su taɓa mantawa da asalinsa ba, shi ma bai taɓa mantawa da rainin da suka yi masa ba.

Ya yi karatu a Jami'ar Coimbra, ya ɗan taɓa aikin soja, sannan a 1723 ya auri wata bazawara mai suna Teresa, 'yar babban gida, ba da son danginta ba. Zaman Lisbon ya yi masa wuya, ya koma ƙauye kusa da garin Pombal, ya yi shekaru yana kula da gonakin gidansu. Baffansa Paulo de Carvalho, malamin jami'a kuma babban limamin coci, shi ne ya riƙa buɗe masa ƙofofi, ya kuma bar masa gadon dukiya a Oeiras.

Sai da ya kusa shekara 40 kafin ya samu muƙami na kirki. A 1738 aka naɗa shi jakada a Landan. A can ya zuba ido ya ga yadda Ingila ta gina ƙarfinta a kan fatauci da jiragen ruwa da manyan kamfanoni. Ya kuma ga abin da ya ci masa rai: zinaren da Fotugal take haƙowa a Birazil yana sauka a Lisbon ne kawai ya sha iska, sannan ya wuce Landan domin biyan kuɗin tufafi da sauran kayan da Ingila take sayar mata. A 1745 aka tura shi Biyana, babban birnin Ostiriya. Matarsa ta farko ta riga ta rasu, sai ya auri Eleonore von Daun, 'yar wani gida mai daraja a can. Auren ya kusantar da shi ga matar Sarkin Fotugal, wadda ita ma 'yar Ostiriya ce.

Sarki Joao na Biyar bai yi na'am da shi ba. Amma da sarkin ya rasu a 1750, ɗansa Jose na Ɗaya ya hau gado, sai aka ba Pombal riƙon harkokin waje da na yaƙi. A wannan kujera bala'in ya same shi, yana da shekara 56.

Ranar da Lisbon ta rushe

Ranar ta dace da wani babban biki na mabiya ɗariƙar Katolika, don haka majami'u sun cika, an kunna kyandirori ko'ina. Da misalin ƙarfe 9:40 na safe ƙasa ta fara motsi. Girgizar ta zo kashi uku cikin 'yan mintoci, kuma mafi yawan ƙiyasin masana na yau suna sanya ƙarfinta sama da maki 8. Rufin majami'u ya rufta a kan masu ibada, lungunan birnin masu ƙunci suka toshe.

Waɗanda suka kuɓuta suka ruga bakin Kogin Tagus, inda akwai fili. Suna tsaye suka ga ruwa ya ja da baya har ƙasan kogin ya bayyana. Bayan kamar minti 40 da girgizar, igiyar ruwa irin wadda ake kira sunami ta dawo da ƙarfi, ta share bakin gaɓa da mutanen da ke kanta. Daga nan wutar kyandirori da ta murhu ta haɗu ta zama gobara ɗaya, ta ci kwana biyar ko fiye.

Birnin yana da mutum sama da 200,000 a lokacin. Ƙiyasin waɗanda suka mutu a cikinsa ya kama daga 10,000 zuwa sama da 30,000. Daga cikin gidaje kusan 20,000, kimanin 3,000 ne kawai suka rage da za a iya kwana a ciki. Fadar sarki ta bakin kogi ta ƙone tare da ɗakin karatunta mai littattafai kusan 70,000. Babban asibitin birnin ya ƙone da majinyata a ciki. Ma'ajiyar kayan fataucin Indiya da gidan kwastan sun tafi. Wani masanin tattalin arziki ɗan ƙasar, Alvaro Pereira, ya ƙiyasta asarar da kashi ɗaya cikin uku zuwa kusan rabin abin da ƙasar take samarwa a shekara. Girgizar da igiyar ruwan sun kuma yi ɓarna a kudancin Sifaniya da garuruwan gaɓar Maroko.

Sarki da iyalinsa sun tsira domin suna Belem, bayan gari, a safiyar. Amma tsoro ya shige shi, har ya rasu bai sake yarda ya zauna cikin ginin dutse ba. Aka kafa masa tantuna, daga baya aka gina masa fada ta katako a tudun Ajuda. Cikin manyan sakatarorin gwamnati, ɗaya tsoho ne marar lafiya, ɗayan kuma ba a ga tasirinsa ba. Gidan Pombal bai faɗi ba. Ya isa wurin sarki a ranar, ya karɓi izini, ya mayar da keken dokinsa ofis, ya yi kwanaki yana zagaya kufai yana rubuta umarni. A 1758 an tattara waɗannan umarni, sama da 200, aka buga su a littafi guda.

Kwanakin farko

Ana danganta masa cewa da sarki ya tambayi abin yi, ya amsa da cewa a binne matattu a kuma ciyar da rayayyu. Wasu masana tarihi suna ganin wani basarake ne daban ya faɗi hakan. Ko wane ne ya faɗa, takardun da suka rage sun nuna cewa a kan wannan jeri aka yi aikin.

Gawawwaki ne matsalar farko. Sun yi yawan da ba za a iya yi wa kowace kabari ba, ga kuma fargabar annoba. Washegarin girgizar Pombal ya rubuta wa shugaban cocin Lisbon yana neman amincewarsa a loda gawawwaki cikin kwale-kwale, a ɗaura musu nauyi, a nutsar da su a teku bayan bakin kogi. Wannan ya saɓa wa al'adar jana'izarsu, shi ya sa bai yi gaban kansa ba, sai da ya samu yardar shugaban addini. Aka kuma umarci limaman coci da sojoji su shiga aikin tono da binnewa. Babbar annobar da ake tsoro ba ta ɓarke ba.

Sai ya raba aiki, ya ɗora wa kowane babba nauyin da za a tambaye shi a kai. Basarake mai riƙe da Lafoes, wanda shi ne shugaban alƙalai, ya ɗauki shari'a da kwashe gawawwaki. Markis na Marialva ya ɗauki sojoji da tsaro. Markis na Alegrete, shugaban majalisar birni, ya ɗauki abinci. Aka bi unguwanni 12 na birnin, aka ba kowace alƙali mai ikon yanke hukunci nan take.

Fursunoni sun tsere da gidajen yari suka rushe, wasoso ya yi yawa. Aka kira rundunoni daga garuruwan larduna, aka kafa gumagumen rataya a wurare masu tudu inda kowa zai gani, aka rataye aƙalla mutum 34. Aka hana jiragen ruwa barin tasha sai an bincike su, don kada a fita da kayan sata. Aka ƙarfafa tsaron gaɓa saboda 'yan fashin teku. Mazaje masu ƙarfi da suka gudu ƙauyuka kuwa, aka umarci gwamnonin larduna su maido su, domin birnin da babu masu aiki a cikinsa ba zai tashi ba. Masu zaman banza da waɗanda aka yanke wa hukunci aka sa su kwasar ɓaraguzai.

A ɓangaren abinci, an ƙididdige hatsin da ya rage a rumbuna da wanda ke cikin jiragen ruwa, an buɗe wuraren rabo. An ɗage harajin kifi domin masunta su kawo shi da araha. An kafa doka cewa farashin kayan masarufi ya tsaya yadda yake kafin girgizar, haka ma kuɗin haya. Dokar ba ta hana farashi da ladan magina hauhawa gaba ɗaya ba a shekarun da suka biyo baya, amma ta taka wa masu ɓoye kaya burki a makonnin da yunwa ta fi barazana. Dubban bukkokin katako suka tashi a filaye da bayan gari.

Taimako ya zo daga waje. Majalisar dokokin Ingila ta ware fam 100,000, wani kashi tsabar kuɗi, wani kashi abinci da kayan aiki irin su diga da shebur. Sifaniya da birnin Hambug su ma sun aiko. Amma kuɗin da aka dogara da shi na dogon zango daga gida ya fito: 'yan kasuwar Lisbon sun amince da ƙarin kashi 4 cikin 100 a kan kuɗin fiton kayan da ake shigowa da su, aka kuma karɓi gudunmawa daga Birazil.

Awon kufai kafin gini

Duk wanda ya ga kasuwa bayan gobara ya san abin da ke biyo baya. Toka ba ta gama hucewa ba kowa zai fara kafa rumfa, iyakoki su ɓace, rigima ta tashi tsakanin maƙwabta, a ƙarshe a maido da cunkoson da ya sa wutar ta gagara kashewa tun farko. Pombal ya hango wannan. A ranar 29 ga Nuwamba, wata guda bai cika ba, ya ba da umarnin a auna kowane titi da fili da gida a unguwannin da suka rushe, a rubuta faɗinsa da tsawonsa da sunan mai shi. A ranar 30 ga Disamba ya hana kowa yin gini a wuraren har sai an kammala awon. Abin da aka gina a saɓa wa dokar, an ba da umarnin rushe shi.

Wannan mataki ya yi wa talakawa da masu gidaje ciwo, domin sun yi shekaru a bukkoki suna kallon filayensu. Amma rajistar da aka yi ita ce ta ba da damar a sauya fasalin birnin ba tare da haƙƙin mai fili ya salwanta ba.

A nan ya jingina da wani dattijo, Manuel da Maia, babban injiniyan masarautar, mai shekara 78. Shi ne kuma mai kula da taskar takardun tarihin ƙasar, kuma shi ya tsaya aka tono su daga ƙarƙashin hasumiyar da ta rufta musu. A ranar 4 ga Disamban 1755 ya miƙa kashin farko na rahotonsa, inda ya jera hanyoyi biyar. Ko a maido da birnin yadda yake. Ko a faɗaɗa tituna a bar tsawon gidaje. Ko a faɗaɗa tituna a kuma taƙaita gidaje zuwa hawa biyu. Ko a baje unguwar kwari ta tsakiyar birni gaba ɗaya a zana sabuwa. Ko kuma a bar kufan a koma wajen Belem a kafa sabon birni.

Aka zaɓi ta huɗu. Wannan zaɓi ne ya warware matsalar ɓaraguzai, wadda ita ce mafi nauyi a zamanin da babu mota babu katafila, sai amalanke da kafaɗa. Unguwar kwarin, wadda suke kira Baixa, tana tsakanin tuddai biyu, ruwa yana kwanciya a cikinta. Maimakon a yi ta jigilar tarkace zuwa nesa, sai aka rushe bangayen da suka rage a tsaye, aka baje ɓaraguzan a wurin, aka daddaɓe, aka ɗaga ƙasar unguwar tare da ba ta gangara zuwa kogi. Duwatsun da suke da sauran amfani aka ware su domin sabon gini. Abin da ya toshe hanya ya zama harsashi.

Sabon birni

Injiniyoyin soja sun zana taswirori shida, aka ɗauki ta Kyaftin Eugenio dos Santos, wanda ya yi aiki tare da Carlos Mardel, ɗan asalin Hangari. Dokar 12 ga Mayun 1758 ta tsara haƙƙoƙi. Wanda titi ya ci filinsa za a ba shi madadi ko diyya gwargwadon abin da rajista ta nuna. An ba kowane mai fili shekara biyar ya yi gini bisa taswira, in ya kasa, a sayar wa wanda zai iya a biya shi kuɗinsa. A lokacin Pombal ya riga ya zama sakataren harkokin cikin gida tun 1756, wato wazirin da komai yake bi ta hannunsa.

Lunguna masu karkace-karkace suka ba da wuri ga tituna miƙaƙƙu masu gilma juna. Manyan sun kai faɗin kusan mita 13, da hanyar masu tafiya a ƙasa a kowane gefe, da magudanar ƙazanta a ƙarƙashi. Inda ƙasa take da ruwa, an kafa turakun itace aka ɗora harsashi a kansu. A cikin kowane bango an saƙa firam na katako mai sanduna a gicciye, wanda suka kira keji, domin in ƙasa ta motsa ginin ya yi lilo maimakon ya rufta. An ruwaito cewa an gwada samfurinsa ta hanyar sa sojoji su yi ta taka ƙasa a kewayensa. Tsakanin gida da gida an ɗaga bango ya zarce rufi don kada wuta ta tsallaka. Ƙofofi da tagogi da matakala duk an yi musu awo ɗaya, ana ƙera su da yawa a wani wuri a kawo a harhaɗa, abin da ya rage kuɗi da lokaci.

A 1760 aka raba titunan ga masu sana'a, kamar yadda aka san Marina da Maƙera da Dukawa a tsofaffin biranen Hausa. Maƙeran zinare da titinsu, na azurfa da nasu, haka masu takalma da masu sirdi da linzami da masu sayar da yadi. Har yau sunayen suna nan. Babban filin bakin kogi, wanda a da ake kira filin fada, aka sauya masa suna zuwa Dandalin Kasuwanci, aka kewaye shi da ofisoshin gwamnati da kwastan da zauren 'yan kasuwa. Fadar sarki ba ta dawo wurin ba.

Aikin ya ɗauki lokaci fiye da yadda aka zata. Dos Santos ya rasu a 1760, Mardel a 1763, Maia a 1768, babu wanda ya ga ƙarshensa. Ko a 1775, da aka ƙaddamar da mutum-mutumin Sarki Jose a kan doki a tsakiyar dandalin, sai da aka rufe ɓangarorin da ba a gama ba da katako da zane. Babbar ƙofar da ke shiga dandalin ba a kammala ta ba sai a shekarun 1870.

Tambayoyi 13

A farkon 1756 Pombal ya aika da takardar tambayoyi 13 zuwa ga limaman coci na kowace gunduma a ƙasar. An tambaye su ƙarfe nawa girgizar ta fara da tsawon lokacin da ta ɗauka, ta wace fuska gine-gine suka fi faɗuwa, mutum nawa suka mutu, me ya faru da teku da rijiyoyi da maɓuɓɓugai, ko ƙasa ta tsage, sau nawa girgizar ta maimaitu, ko an yi ƙarancin abinci, da kuma matakin da hukumomin wurin suka ɗauka. Amsoshi da yawa suna nan a taskar tarihin ƙasar, masana kimiyyar girgizar ƙasa suna amfani da su har yau, suna kuma lissafa wannan bincike cikin tushen iliminsu.

Ɗaya fuskar

Ikon da bala'i ya ba shi bai mayar da shi ba bayan ƙura ta lafa. Wani limami na ƙungiyar Jesuit, Gabriel Malagrida, ya wallafa ƙasida a 1756 yana cewa girgizar horo ce saboda zunuban mutanen birnin, yana kiran jama'a su ba da himma ga tuba. Pombal ya ɗauki wannan a matsayin zagon ƙasa ga aikin gini, ya kore shi daga Lisbon.

A daren 3 ga Satumban 1758 aka harbi sarki a cikin keken dokinsa, ya ji rauni. Pombal ya ɗora laifin a kan gidan Tavora da basarake mai riƙe da Aveiro, waɗanda suke cikin manyan gidajen da suka daɗe suna raina shi. Aka tatsi bayanai ta hanyar azabtarwa. A ranar 13 ga Janairun 1759 aka kashe su a bainar jama'a a Belem ta hanyoyi masu muni, har da uwargidan Tavora da 'ya'yanta biyu maza. Aka rushe gidan Aveiro aka barbaɗa gishiri a filin. A shekarar aka kori 'yan Jesuit daga Fotugal da duk ƙasashen da take mallaka, aka kuma ba Pombal sarautar Oeiras. A 1761 aka kashe Malagrida, tsoho mai shekara sama da 70. Sarautar Markis na Pombal ta zo bayan kimanin shekara goma da ta Oeiras.

Gyare-gyarensa suna da yawa. Ya buɗe makarantar koyon kasuwanci a 1759, ya kafa baitulmali guda na ƙasa a 1761, ya sake fasalin Jami'ar Coimbra a 1772, ya soke bambancin da doka take nuna wa Kiristocin da kakanninsu Yahudawa ne a 1773. A 1761 ya hana shigo da bayi cikin Fotugal kanta. Sai dai mutanen Afirka ta Yamma suna da dalilin duba wannan da kyau, domin kamfanonin da shi da kansa ya kafa a 1755 da 1759 sun ci gaba da kwasar dubban bayi daga Bisau da Kasheu da Angola zuwa gonakin Birazil. Ya rufe ƙofar gida ne, ya faɗaɗa ta waje.

A watan Janairun 1777, a ƙarshen mulkinsa, sojoji suka cinna wa ƙauyen masunta na Trafaria wuta, a tsallaken kogi daga Lisbon, domin kama waɗanda suka guje wa aikin soja. Mutumin da ya yi suna wajen tayar da birnin da wuta ta cinye ya rufe aikinsa da ƙona ƙauye.

Faɗuwa da rasuwa

Ƙarfinsa duka a jikin sarki yake. Da Sarki Jose ya rasu ranar 24 ga Fabrairun 1777, 'yarsa Maria ta Ɗaya ta hau gado, cikin 'yan kwanaki Pombal ya sauka. Aka buɗe gidajen yari, fursunonin siyasa kusan 800 suka fito, wasu bayan shekara 18 a tsare. Aka cire hoton fuskarsa na tagulla daga gindin mutum-mutumin sarki. Ya koma garin Pombal, masu bincike suka bi shi can suka yi watanni suna yi masa tambayoyi. A 1781 sarauniya ta zartar cewa ya cancanci horo mai tsanani, amma ta yafe masa saboda tsufa da ciwo, da sharaɗin kada ya kusanci fada. Ya rasu ranar 8 ga Mayun 1782, saura kwana biyar ya cika shekara 83.

Daga baya ƙasar ta sake auna shi. A 1833 aka mayar da hoton tagullar wurinsa. A 1934 aka ƙaddamar da dogon mutum-mutuminsa, da zaki a gefensa, a wani babban shatale-tale da ke kallon unguwar da ya gina. Har yau mutanen Fotugal ba su daidaita a kansa ba.

Abin da ya shafe mu

Ƙasar Hausa ba ta fama da girgizar ƙasa irin ta Lisbon, amma ta san kufai. Ambaliyar watan Yulin 2018 ta kashe gomman mutane a Jibiya ta rushe ɗaruruwan gidaje cikin dare ɗaya. Gobara ta ci babbar kasuwar Katsina a watan Maris na 2021, kamar yadda ta ci ta Sabon Garin Kano a 2016. A Satumban 2024 fashewar madatsar ruwa ta Alau ta nutsar da babban ɓangare na Maiduguri. A ƙananan hukumomin Batsari da Safana kuwa, ƙauyukan bakin Dajin Rugu da dama sun ga an ƙone gidaje da rumbuna a hare-haren 'yan bindiga, mutanensu suka kwararo cikin gari.

A duk waɗannan wurare, bayan motocin agaji na NEMA da na hukumar jiha sun sauke buhuna sun tafi, tambayoyin da suka rage su ne waɗanda Lisbon ta fuskanta a watan Nuwamban 1755. Wane jami'i ne za a kama da sunansa idan aiki ya tsaya? Wa ya rubuta iyakar kowace rumfa da kowane gida da kowace gona kafin shaida ta ɓace, musamman inda masu su suka yi shekaru a gudun hijira? Ina za a kai ɓaraguzan, kuma wane amfani za a yi da su? Za a sake gini a kan hanyar ruwan da ta ci mutane, ko za a yi haƙuri a auna tukuna? Daga wace aljihu kuɗin shekaru goma masu zuwa zai fito? Tarihin Pombal ya ƙara tambaya guda a kan waɗannan: wa zai karɓe ikon gaggawa daga hannun wanda aka ba shi idan gaggawar ta wuce?

A kan tudun da ke kallon unguwar Baixa akwai majami'ar Carmo, wadda rufinta ya rufta a safiyar girgizar. An fara gyaranta, aka bari, ba a sake rufa ta ba. Bakunan dutsenta suna tsaye a buɗe, a ƙasa kuma titunan da Pombal ya shata suna cike da masu saye da sayarwa, a kan ɓaraguzan tsohon birnin.